Fiza huɗu, kuɗin buhun taki

Da na tsaya na ji abin da yaron nan mai kawo abinci a wurin fiza ke son faɗa min, da yanzu buhun takin da na yi niyyar saya don noman rani yana jingine a ɗakina. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu na katse shi.

Ranar Lahadi ce, na kai riɗina kasuwar Gujungu, ciniki ya yi kyau, aljihu ya yi nauyi. Dama tun da aka buɗe wurin fiza a cikin gari, can bayan tasha, Maman Sadik ke yi min tuni. Ba wai ta taɓa ci ba ne, ƙanwarta da ke karatu a Dutse ce ta cika mata kunne. Mai wurin ɗan gari ne, ya yi shekaru a kicin ɗin wani Ba'italiye a Abuja, ya dawo gida ya gina tanderu na jan bulo, ya jera tebura biyar da fanka mai sola. Bayan la'asar muka kama hanya, ni da ita da Sadik a babur ɗina, ƙanwar tata da Ummi a bayan ɗan acaɓa.

Aka miƙo mana takarda mai hotuna. To, a hoto da gurasa da faifai duk girmansu ɗaya. Na duba na ga abu zagayayye, na ce a raina ai wannan gurasa ce aka yi wa kwalliya, ni kuwa da nake tashi da bandashe biyu ban ji komai ba. Na ƙirga kawuna: manya uku, kowa ɗaya, yara su raba ɗaya. Na ce a kawo huɗu, manya.

Yaron ya ce, "Alhaji, huɗu fa? Ai guda ɗaya..."

Na ce, "Kai dai kawo."

Ya ƙara cewa, "Alhaji, babbar tana da..."

Na ɗaga masa hannu. Abin da ya zo min a rai shi ne ya ga ƙurar hanya a jikin rigata, yana tsoron ba zan iya biya ba, kuma a gaban ƙanwar mata. Ita kuma, Allah ya shirye ta, ta san komai, ta taɓa ci, amma ta sunkuyar da kai tana danna waya tana cije leɓe. Farashin ma yana nan a gefen takardar da ƙananan rubutu. Ido na ya sauka a kan layin farko, na ƙaramar, ban sake dubawa ba.

Kafin a kawo na je na tsaya bakin tanderun, kuma wannan kam ban yi nadamarsa ba. Ba irin tanderun masu gurasa ba ne da ake manna ƙullu a bango. Wannan kamar ƙaramin ɗakin kuba yake, itace na ci a gefe guda, a shimfiɗa fizar a daɓe da wata doguwar shebur mai faɗi. Mai wurin ya ce zafin ciki ya haura digiri 400, shi ya sa ba ta kai minti biyu take gasuwa, bakinta ya kumbura ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna. Ƙullun kuwa tun daren jiya aka kwaɓa da yis aka bar shi ya tashi, kuma da hannu yake buɗa shi, ba ya murza shi da muciya. Ya ce asalin abin daga Napoli ne, garin da Osimhen ya ci wa kofi a 2023, nan na ji kamar na san wurin. Wadda ya fi yabo ita ce Margherita, da ake cewa an raɗa mata sunan sarauniyar Italiya a 1889: jan tumatir, farin cuku, koren ganye, launin tutarsu ke nan. Na shinshina ganyen na ce wannan ai ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne, ya yi dariya ya ce dangi ɗaya ne. Tumatir ɗin na Kadawa ne. Cukun ne kawai, mozarela, sai an sayo daga Kano a kula da ƙanƙara, a kuma tsare shi a firji, kuma shi ne ke cinye kuɗin. Ya faɗa min wannan da bakinsa, ina tsaye ina gyaɗa kai, amma ko kusa bai zo min ba in tambaya nawa ce babbar.

Na tambayi dai abu ɗaya mai amfani, wato jan naman da aka yanka zagaye-zagaye. A ƙasashen Turawa galibi da naman alade ake yin sa, don haka duk inda ka je ka tambaya, kada ka ji nauyi. Nasa na naman shanu ne.

Da ta farko ta iso sai teburin ya yi shiru. Faɗinta ya kai na tiren da ake kai wa baƙi abinci, an yanka ta gida takwas. Ta biyu ta zo, aka janye ruwan sha don ta samu wuri. Ta uku da ta huɗu sai da aka jawo wani tebur. Yanka 32, mu biyar, biyu daga ciki ba su kai shekara takwas ba. Ni malamin lissafi ne a firamare, kuma wannan ne ya fi ci min rai: ƙaramar faɗinta santimita 25, babbar 35, ido na ganin tazarar kaɗan ce, amma in ka lissafa fili babbar ta kusa ninka ƙaramar. Abin da nake rubuta wa ’yan aji shida a allo ne. Wai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nawa dai ranar bai sani ba.

Daɗi kam akwai shi, ba zan yi ƙarya ba. Da zafinta cukun yana jawuwa kamar danƙo, Sadik ya ja nasa har tsawon hannu yana ihu. Amma tana da nauyi a ciki fiye da yadda take a ido. Na ci yanka huɗu na yi ta maza na ƙara na biyar. Maman Sadik ta ci uku, ta ce da akwai yajin ƙuli da ta ƙara. Ummi ta tsince naman ta bar sauran. Da muka ɗaga hannu, fiza biyu cur ba a taɓa su ba.

Maman Sadik ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce, "Abban Sadik, da ka bari yaron nan ya ƙarasa maganarsa." Ban amsa ba, domin a lokacin ake miƙo min takardar kuɗi. Na karanta sau biyu, na juya baya na ƙirga kuɗin riɗi a ƙarƙashin tebur. Abin da ya fita daidai yake da buhun taki, har da ɗan ƙari. Biyu manya sun ishe mu har a yi saura. In za ka je da iyali, tambayi mutum nawa guda ɗaya ke ɗauka, ka sa yatsa a kan layin farashin, kuma ka fara da kaɗan, tunda cikin minti biyu ake gasa wata.

Sauran biyun aka sa mana a kwali. Na ɗaure su a tsaye a gefen babur da roba don kada Sadik ya zauna a kai, ashe a kwance ake ɗaukar su. Kafin mu isa gida duk kayan saman sun zube sun taru a kusurwa ɗaya, cukun ya sandare kamar tafin silifa. Inna ta gutsura ta tauna ta daɗe tana tauna, ta ce, "Wannan ce kuka tafi ci har da hayar acaɓa?" Da safe Maman Sadik ta ɗora ragowar a busasshen kasko, wuta kaɗan, ta rufe da murfi, ƙasan ya yi ƙaras-ƙaras, cukun ya sake narkewa, ta barbaɗa yajin da ta so tun jiya. Yaran maƙwabta suka cinye.

Ƙanwar tata ta koma Dutse. Shekaranjiya ta kira yayarta, ina jin muryarta daga tsakar gida tana cewa a gaishe mata da Yaya, a tambaye shi ko huɗun sun isa ko a ƙaro.