Kiwon zebra finch: a wurina ba a raba miji da mata

Duk wanda ya zo neman zebra finch a wurina, maganar farko da nake gaya masa ita ce bana sayar da guda ɗaya. Mace da namiji ne, ko a haƙura. Wasu har haushi suke ji, wai ai kanari ma shi kaɗai ake ratayewa a ƙofar shago yana ta kuka, to wannan ba kanari bane. Asalinsa tsuntsun Ostareliya ne, can cikin busassun wurare inda ruwa ke wuya, garke-garke suke yawo, kuma in namiji ya zaɓi mace galibi sai mutuwa ce ke raba su. Ka ajiye shi shi kaɗai zai wuni yana kira babu mai amsa masa, wallahi ni abin tausayi yake bani.

Ɗan mitsitsi ne, tsawonsa wajen santimita 10, nauyi kamar giram 12, amma baya zama wuri ɗaya. Namiji kumatunsa ruwan lemo, baki ja zur, maƙogwaro da siraran layuka baƙi da fari, gefen ciki ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigon fari. Macen toka-toka ce, bakinta ruwan lemo, dukkansu kuma akwai baƙin layi a ƙasan ido kamar kwalli ya gangaro. Ka zuba musu ruwa a ɗan faranti da hantsi ka tsaya ka gani, ɗaya zai fara leƙawa ya tsoma baki, sai ya faɗa ciki yana karkaɗa fiffike har ya jiƙe keji, sannan su koma kan sanda su manne da juna, ta sunkuyar da kai ta buɗa gashin wuya shi kuma yana yi mata susa da baki. Ruwa ma zuƙa suke yi ba sai sun ɗaga kai sama ba. Amma fa ba tsuntsun riƙewa a hannu bane, mai son wanda zai hau kafaɗarsa ya nemi aku.

A wurin kawuna na koyi kiwon tsuntsu, mutumin tattabaru da kanari ne, da hannunsa yake haɗa keji da tukurwa. Bayan sallar asuba sai ya zaunar da ni ya ce in rufe ido in faɗa masa wane keji ne yake kuka, wane ne yayi shiru. Wanda yayi shiru shi ake fara dubawa. Wannan kunnen shi nake aiki da shi har yau.

Kuma a zebra kunne yana da rana, don namiji ne kaɗai ke rera waƙa, kuma ba da ita aka haife shi ba, a bakin ubansa yake koya. Zaka ji yaro yana ta kwaɓa ta yana gyarawa, sai wajen kwana 90 take zaunawa, daga nan ita ce waƙarsa har ya mutu. Shi ya sa masana ke nazarin wannan tsuntsu don gane yadda jariri ke koyon magana, har suka karanta jerin ƙwayoyin halittarsa gaba ɗaya a 2010. Ni bana ɗauke ɗa namiji daga inda zai ji ubansa sai waƙa ta nuna, ko da ya iya cin abinci da kansa tun yana kwana 35 ko kusa da haka. Masu neman kuɗin gaggawa tun bakin yaro yana baƙi suke fitar da shi kasuwa a ƙanƙanin keji, sannan kastoma ya zo min yana cewa ai can ya ga mai araha, in rage masa. Alhaji, ba kaya ɗaya bane.

Macen ƙwai 4 zuwa 6 take yi, su biyun suke karɓa-karɓar kwanci, sati biyu a ƙyanƙyashe, bayan sati uku 'ya'ya su fito daga sheƙa. Namiji ne mai jigilar ciyawa, ko me ya gani sai ya ja, saboda haka busasshiyar ciyawa mai laushi nake basu, zare kam a'a, yana naɗe musu ƙafa. Abinci gero ne wanda na sheƙe na wanke na shanya da kaina, da acca, da ɗan ganyen salak, lokacin reno kuma dafaffen ƙwai da ɓawonsa a daka, don macen da ta rasa sinadarin ƙashi ƙwai yana maƙale mata.

Kejina dogo nake yi ta kwance ba ta tsaye ba, don tashi suke daga wannan gefe zuwa wancan, waya ƙanana yadda kai ba zai shige ba, kuma kowane bakin waya sai na lanƙwasa shi. Masu kwaikwayo sun ga fasalin sun ɗauka, amma wayarsu tsatsa take yi da damina ɗaya, ƙofa kuma ɓera ma zai iya turawa. In hunturu ya kusa, wanda zai ɗauka ya tanadi mayafin rufe keji da dare da wurin da iska bata kaɗawa, kuma kada a kunna maganin sauro a ɗakin da suke, hayaƙinsa yana kashe su.