Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Umma

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, Umma ta karɓi zagaye na ƙarshe na maganin kansa, kuma hoton da aka ɗauka bayan nan bai nuna ragowar ƙari ba. Yanzu tana gida, sai komawa asibiti duba lafiya duk bayan wata 3. A madadin Baba da yayyena da ƙannena nake wannan rubutu, don in na ce sai na bi kowa gida-gida, shekara za ta zagayo ban gama ba.

Da yawa kun yi ta tambaya a kaikaice, kuna jin nauyin fitowa fili. Umma ce da kanta ta ce a faɗa: kansar ƙwan mace ce, wadda ke kama ma'ajiyar ƙwai, daban da ta bakin mahaifa da aka fi jin labarinta a rediyo. Lokacin da aka gano ta har ta kai mataki na 3, ta bazu zuwa tantanin ciki da kitsen da ke lulluɓe da hanji. Haka cutar take, ba ta zuwa da hayaniya. Umma ta daɗe tana kukan kumburin ciki, loma kaɗan ta ce ta ƙoshi, ga yawan fitsari, jiki na ramewa ciki na girma. An sha maganin olsa, an sha na taifot, sai da ruwa ya taru a cikin har numfashi ya fara yi mata wuya sannan aka tura mu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Godiyata ta farko bayan Allah ga likitar da ta zaunar da mu ne. Ba ta ɓoye mana komai ba, ba ta kuma karya mana zuciya ba. Ta zana cikin mace a takarda, ta nuna inda ƙarin yake, ta ce cutar kan dawo ga mafi yawan waɗanda aka gano a wannan mataki, amma tana cikin masu jin magani, kuma ko ta dawo akwai abin yi. Daga wannan zama ne na fara iya barci. Tsoron abin da ba ka sani ba ya fi na wanda aka yi maka bayaninsa cin rai.

Tsarin da aka bi shi ne zagaye 3 na magungunan kansa da ake kira carboplatin da paclitaxel ta ƙarin ruwa, kwana 21 tsakanin kowanne, don ƙarin ya motse. Sai tiyata, aka cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai biyun da kitsen nan, sannan wasu zagaye 3. Akwai gwajin jini da ake kira CA-125, wanda ake so ya zauna ƙasa da 35. Na Umma ya ninka haka sau da yawa da farko. Ranar da ya sauko ƙasa da 35, Baba, da ban taɓa ganin hawayensa ba, ya juya ya fuskanci bango.

Kafin kowane zagaye sai an auna jini, in ya yi ƙasa a ɗaga. Samarin unguwarmu, 'yan majalisar bakin shagon tela, ku ne kuka cika layin bayar da jini, wasunku ko karyawa ba su yi ba sai da nas ta kore su su je su ci abinci. Allah ya raya ku, ya ba ku mata na gari. Nas-nas ɗin da ke laluben jijiya a hannun da ya gaji da allura suna yi mata hira don ta manta, Allah ya biya ku.

Maganar kuɗi kuwa, wanda ya yi jinyar kansa ya sani. Daga waje ake shigo da magungunan, dala na motsawa su motsa. Matan adashin Umma suka haɗa baki suka ba ta kwasar da ba tata ba. Kawu ya sayar da shanunsa biyu bai shawarci kowa ba. 'Yan ajinmu na sakandare suka yi karo-karo a WhatsApp, har da waɗanda rabona da su tun ranar da muka bar makaranta. Akwai kuma wanda ke turo kuɗi duk ƙarshen wata ba suna ba waya. Allah ya san ka.

Anti, abokiyar zaman Umma, ban san da bakin da zan gode miki ba. Ke kika kwana a tabarma gefen gado bayan tiyata, ke kika tare amai da hannunki, kika koyi dama kunun gyada marar kauri don shi kaɗai ke zama mata. Da gashinta ya fara zuba saboda maganin, ta kulle kanta a ɗaki tana kuka, ke kika shiga kika aske mata sauran, kika ɗaura mata ɗankwali irin na biki kuna dariya. Masu cewa kishiya ba ta da rana su zo gidanmu su gani.

Haka wata baiwar Allah daga Jigawa da muka tarar a ɗakin ƙarin ruwa, wadda ta riga Umma shiga wannan hanya. Ita ta gaya mata cewa gashin zai dawo, cewa dindiris ɗin tafin ƙafa daga maganin ne, ta daina zargin shanyewar jiki. Maganarta ta fi tamu shiga, don ta ɗanɗana. Malam na Islamiyya ma ya zo har gida da azumi ya kama, ya karanta mata ayar Suratul Baƙara da ta yi wa marar lafiya rangwame, ya tuna mata hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Sai a lokacin ta yarda ta ajiye azumin.

Waɗanda suka zo da jarkokin tsimi da labarin sammu, mun san ƙauna ce ta kawo ku, mun gode. Sai dai ina roƙonku, in kun je wani gidan, kada ku ce wa marar lafiya ta bar asibiti wai allurar ce ke kisa. Na ga matan da suka tsallake zagaye saboda irin wannan magana, suka dawo ciki ya sake cika da ruwa.

Mu mata kuma, likita ta tambayi tarihin danginmu, don wani kaso na wannan cuta gado ne ta ƙwayoyin halitta da ake kira BRCA1 da BRCA2, masu alaƙa da kansar nono ma. Gwajin bakin mahaifa ba ya gano kansar ƙwan mace. Macen da kumburin ciki ya ƙi tafiya makonni, musamman wadda ta daina al'ada, ta je ta nemi a yi mata hoton ciki.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take bayan la'asar. Garkuwar jikinta ba ta gama dawowa ba, don haka mai mura ko tari ya yi haƙuri ya kira a waya. Kada a shafo turare mai ƙarfi, yana tayar mata da zuciya. A ci gaba da sa Umma a addu'a, da sauran matan da muka baro a kan gadajen nan. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.