Filorens, Garin da Masu Ulu da Marina Suka Gina

Jirgin ƙasa mai gudu ne ya ɗauko mu daga Rum, cikin kamar awa ɗaya da rabi muka sauka a Filorens. Mu ɗaliban zanen gini ne, malaminmu ya kawo mu ganin abin da muka daɗe muna karantawa kan Zamanin Farfaɗowa, lokacin da Italiyawa suka waiwayi gine-ginen tsoffin Rumawa suka ɗauko ƙa'idojinsu. Ko masauki ba mu kai ba ya tsayar da mu, da jakunkunanmu a hannu, gaban cocin Santa Maria Novella da ke daf da tasha. Fuskar ginin marmara ce fara da koriya, Leon Battista Alberti ya tsara ta, aka kammala a 1470. Malam ya ce mu ɗaga kai mu karanta rubutun da ke can sama. Sunan Giovanni Rucellai ne, attajirin da ya biya kuɗin aikin, wanda danginsa da rini suka yi arziki.

"Ku riƙe wannan," in ji shi. "Duk inda muka shiga, kafin ku tambayi wa ya zana, ku fara tambayar wa ya biya."

Washegari da sassafe muka nufi babban cocin garin, Santa Maria del Fiore. An aza harsashinsa a 1296, kuma ƙungiyar 'yan kasuwar ulu ce aka damƙa wa kula da ginin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shawarar da mutanen garin suka yanke a 1367. Shekara 19 ke nan bayan annobar 1348 da ta kwashe jama'a ba adadi, amma suka amince da tsarin kubba mai kusurwa takwas, faɗinta kimanin mita 45, alhali babu wani magini a raye da ya san yadda za a ɗora ta. Suka ci gaba da gina bango, suka bar wa 'ya'ya da jikoki neman mafita. Wannan ƙarfin hali ya burge ni ƙwarai.

Matsalar a fili take. A al'adarsu sai an kafa katako a ƙarƙashin baka ya tallafe ta har ta bushe. To ina za a samu itacen da zai cike wannan fili, ga shi kubbar daga sama da mita 50 za ta fara? A 1418 aka sa gasa, aiki ya faɗa hannun Filippo Brunelleschi, wanda asali maƙerin zinariya ne. Ya fara a 1420, ya rufe a 1436, ba tare da ya kafa wannan katako ba.

Sai da na hau na gane yadda ya yi. Matakala 463 ce, kuma wani wurin mutum ɗaya kaɗai ke iya wucewa, sai ka manne da bango wanda ke saukowa ya samu hanya. Kubbar ashe biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya, matakalar tana bi ta tsakaninsu. Ta ciki ita ce mai kauri, ta waje siririya ce don kare ruwa. A wani lungu inda babu shafe na tsaya na kunna fitilar waya. Tubalan ba duka ke kwance ba: bayan 'yan kaɗan sai ka ga an tsayar da ɗaya, na layin sama kuma an gusa da shi gefe, haka har suka yi karkataccen layi mai hawa. Waɗannan tsayayyun su ke riƙe na kwance kada su zame ciki kafin kwaɓi ya bushe. Kowane zagaye da aka rufe yana ɗaukar nauyin kansa, sannan a ɗora na gaba. Tubali sama da miliyan 4 aka jera a haka. Ga kuma ɗamarar duwatsu da aka haɗa da ƙarfe, an binne su cikin bangon don kada kubbar ta buɗe. Har na'urar ɗaga kaya shi ya ƙera: shanu ke juya ta, kuma ya yi mata dabarar da kaya za su hau ko su sauka ba sai an kwance shanun an juya su ba.

Da dare na kira mahaifina, tsohon magini ne a Zariya, na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai bakan gizo ma ba a kafa masa komai a ƙasa. Azara ake ɗaurewa daga kowane gefe har su haɗu." Na ce, "Haka ne, Baba." Masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina a wajajen 1830 yake nufi, kuma ya yi gaskiya, ko da yake girman ba ɗaya ba ne.

Fadar dangin Medici, attajiran da suka yi iko da garin, wadda Michelozzo ya fara wa jagoransu Cosimo a 1444, ba ta ja ni sosai ba. Manyan duwatsu ne marasa sassaƙa a ƙasa, suna laushi in an yi sama. Cosimo mai banki ne a zamanin da Coci ya haramta riba, kuma masana tarihi da dama na ganin irin dukiyar da ya zuba a ginin gidan ibada na San Marco tana da alaƙa da neman wanke kai.

Ginin da ya fi shiga raina ƙarami ne: gidan jarirai na Innocenti, wanda ƙungiyar masu alharini ta ɗauki nauyinsa, Brunelleschi ya fara a 1419. Baranda ce mai baka tara a kan siraran ginshiƙai. Malam ya sa muka auna da taku da ido: tazarar ginshiƙi da ginshiƙi daidai take da tsayinsa, daidai kuma da zurfin barandar. Shi ya sa in ka tsaya a ciki hankalinka ke kwanciya tun kafin ka san dalili. A sama akwai hotunan jarirai a naɗe cikin zane, farare a kan shuɗi. A ƙarshen barandar ga tagar da ake ajiye jaririn da iyaye suka kasa riƙewa, sai a 1875 aka rufe ta. Sabon salon gini da duniya ta kwaikwaya, da gidan 'ya'yan marasa gata ya fara bayyana, kuma ni wannan ya fi min kowace fada daraja.

Kafin mu koma tasha muka biya ta San Lorenzo, cocin dangin Medici. Ciki ya sha ado da farin shafe da dutse mai ruwan toka, amma fuskarsa ta waje har yau tsirara take, ba marmara ko ɗaya. Fafaroma Leo na 10, ɗan gidan Medici, ya ba mashahurin mai sassaƙa Michelangelo aikin, shi kuma ya ɓata shekaru a ma'adinai yana zaɓar dutse. A 1520 aka soke kwangilar, aka karkata shi ga ginin ɗakin kaburburan dangin da ke bayan cocin.