Ƙugin sifika ne ya raba ni da oga

Tun da na ajiye aiki abokan sana'armu ta kayan sauti ke ta tambayata me ya faru, wasu su ce kuɗi ne wasu su ce na samu wani waje. Toh gaskiyar magana ƙugin sifika ne ya raba mu, wannan huuu ɗin da kuke ji in an kunna kaya ba a sa komai ba, kuma zan faɗi yadda abun yake saboda yaran da suka shigo bayana kar a yi musu abin da aka yi min.

Oga ya sayo sababbin sifiku guda biyu masu amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a cikinsu, muka kai su wata dina a wani babban holi. Miksa, na'urar da ke haɗa sautin makirufo da kiɗa ta tura wa sifiku, na can baya wajen ƙofa an jona ta a soket ɗin bango, sifikun kuma suna gaba kusa da kujerar amarya a wani layin wuta daban, tsakaninsu doguwar waya mai kan RCA irin ta rediyon gida, wadda shi da kansa ya ce a ɗauko don wai ta fi arha. In kiɗa na tashi ba ka jin komai. Amma da aka ce malam ya buɗe da addu'a, DJ ya sauke kiɗa, sai holin nan ya cika da ƙugi, har uwar amarya ta aiko a tambaya. Oga ya taso a gaban mutane ya ce kai yaro ka ƙona min kaya, kuma wallahi a albashinka zan cire. Na ce ranka ya daɗe kayan lafiyarsu ƙalau, a ba ni minti kaɗan in canza jonin wuta, ya ce in rufe masa baki, ya miƙo min filaya ya ce in karya doguwar ƙafar fulogin, ta atin, wai haka kowa ke yi. Na ƙi. Nan ne fa laifina ya zama biyu, ga ɓarna ga taurin kai.

Kuma ba ƙarya ya yi ba, in ka karya ƙafar nan sau da yawa ƙugin na ɗaukewa, shi ya sa mutane suka raina abun. Sai dai ƙafar nan ita ce hanyar da wuta za ta bi ta tafi ƙasa in wata waya ta goge ta taɓa ƙarfen jikin kaya. In babu ita, wutar soket mai ƙarfin volt 230 ɗin nan sai ta zauna a jikin miksa, ta bi waya har kan makirufo, wanda ya riƙe shi ko ya kai bakinsa shi ne zai zama hanyar. Ni ba zan yi wannan a wajen da yara ke yawo ba takalmi kuma ana zubar da lemo a ƙasa ba.

Washegari a sito na sauke sifikun ni kaɗai, na cire duk wata waya daga bayansu na bar ta wuta kawai, na kunna. Shiru, sai ɗan shuuu da sai ka kafa kunne a jikin ƙaramar sifikar sama za ka ji, kuma wannan kusan kowace sifika mai amfilifaya tana da shi. Wannan gwajin shi ne farkon komai kuma ko sisi ba ya ci: in ƙugin ya tsaya bayan ka cire wayoyin sauti toh daga waje yake shigowa, in bai tsaya ba sannan ne za ka fara zargin cikin sifikar. Daga nan na dinga mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Miksa a ekstenshan ɗaya da sifiku, shiru. Na kai miksar soket ɗin ɗakin da ke gefe da wannan doguwar wayar, ƙugi ya dawo. Na jona laftof da cajarsa, ya ƙaru, na zare cajar ya koma kan batir, ya ragu nan take.

Abin da ke faruwa shi ne atin ɗin soket biyu ba ya zama daidai cif, musamman a gine-ginenmu da mai wayarin ke yin yadda ya ga dama. In ka jona miksa a nan sifika a can, sannan ka haɗa su da wayar sauti, ka ba wuta hanya biyu ta zuwa ƙasa, sai 'yar ƙaramar wuta ta dinga zagayawa ta cikin ragar da ta lulluɓe wayar. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ne wannan murya mai kauri da kake ji. A wayar RCA ragar nan tana cikin hanyar sautin kansa, don haka duk abin da ta kwaso amfilifaya zai ƙara masa ƙarfi. Wayar XLR mai ƙafa uku, irin ta makirufo, kuwa sauti na bin ƙafa ta 2 da ta 3, dattin da ya shiga yana shiga dukkansu daidai, sifikar ta soke shi a bakin shiga. Shi ya sa XLR ke tafiya mita da yawa lafiya, RCA kuwa da ta wuce 'yan mitoci sai addu'a. In kuma dole sai an haɗa da laftof ko kibod, akwatin DI ake sawa a tsakani, yana da maɓallin da ke yanke ragar wayar sautin, atin ɗin wuta na nan ba a taɓa shi ba. Bambancin da oga ya ƙi tsayawa ya ji kenan.

Na kira shi na nuna masa da idonsa, na cire na mayar, na cire na mayar. Ya tsaya ya kalla ya ce ai dama na sani, ya juya ya fita. Ƙarshen wata kuɗina a yanke. Na yi magana ya ce na kunyata shi a gaban masu biki, kunyar ce yake cirewa. Har yau abun na min ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, don yaran da ke wajen sun ga yadda aka yi da wanda ya tsaya ya bincika, kuma na san darasin da suka ɗauka shi ne ka karya ƙafa ka zauna lafiya da oga.

Sauran abubuwan da na koya ba su da yawan bayani. Ka koyi rabe muryoyin da kunnenka: in sifika ita kaɗai ba waya tana ƙugin da ya ɗan fi na 50 sirantaka, wajen 100, yawanci manyan kafasitocin ɓangaren wuta, masu tara wuta su daidaita ta, ne suka bushe, wani lokacin ka ga kansu ya kumbura, wannan na mai gyara ne kuma kar ka sa hannu don suna riƙe wuta ko an zare fulogi. In ƙarar daga jikin akwatin take fitowa ba daga bakin sifikar ba, tiransifoma ce ke rawa. Zzzz mai kaifi ka duba fitilun ado masu rage haske da caja mai arha. Tit-tit-tit wayar salular wani ce a kan miksa. Shuuu mai yawa kuma ka buɗe maɓallin bayan sifika har ƙarshe ne ka bar miksa a ƙasa, sai ka juya lissafin. Kar ka ɗaure wayar sauti da ta wuta waje ɗaya, in dole su haɗu su gitta juna. Kuma ka gwada kaya a janareta da NEPA duka kafin baƙi su zo, don abin da ya yi shiru a ɗaya yana iya yin ƙugi a ɗayan.

Yanzu ina zaman kaina, kayana ba su kai rabin nasa ba, amma ekstenshan ɗina dogo ne mai kauri kuma duk kayan sauti a kansa nake jonawa, wayoyina XLR ne ni nake liƙa kawunansu, akwatin DI na cikin jaka kullum. Masu holin da aka yi wancan abun su ne suka fara kirana aiki. Yaran oga kuma in sun kira ni a ɓoye suna tambaya ina faɗa musu, abu na farko da nake cewa su duba min fulogan, su kirga min nawa ne suka rage da ƙafa uku.