Godiya bayan dawowarmu daga Kiribi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun shigo Garwa daren jiya, mu bakwai kamar yadda muka fita. Auta yana kwance a gefena yana barci, ni kuwa har yanzu sai na kai hannu ƙirjinsa na ji yana numfashi kafin hankalina ya kwanta. Kun san abin da ya faru, ba sai na maimaita ba, ƙarfin ma babu.

Mun yi tafiyar sama da kilomita 1,000 zuwa Kiribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, ta Ngaundere da Bertuwa da Yawunde, don yara su ga teku da idonsu, su da ba su san wani ruwa ba sai Binuwai. Sun gani kuwa. Sun tsaya gindin hasumiyar fitila da Jamusawa suka gina a 1906, sun ga inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. A nan ne igiyar ruwa ta janye min yaro, ina riƙe da takalmansa.

Mutumin da nake son in fara gode wa ko sunansa ban sani ba. Masunci ne, ɗan ƙabilar Batanga, yana gyaran komarsa a bakin gaɓa. Kafin ihuna ya gama fita daga bakina ya riga ya faɗa ruwa. Da ya fito da shi ya kwantar da shi a kan yashi, ya yi ta danna ƙirjinsa har ya amayar da ruwa ya fashe da kuka. Wallahi ban taɓa jin kuka mai daɗi irin wannan ba. Maigida ya zaro duk abin da ke aljihunsa ya miƙa masa, ya ture hannun, ya nuna sama da yatsa, ya koma kan komarsa jikinsa na ɗigar ruwa. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Fillanci, ni kuma Faransancin ma ya gudu daga kaina a lokacin. Allah Ka san shi. Allah Ka tsare masa 'ya'yansa kamar yadda ya tsare min nawa, Ka cika masa kwalekwalensa, Ka raba shi da sharrin ruwa.

Na san ba a so a ambaci mai alheri a bainar jama'a, amma ku yi haƙuri. Kawu na unguwar Briketari ya kamo hanya daga Yawunde cikin dare, ya kwana biyu a kan benci a asibiti. Matar da ke gasa jatan lande ta cire zanenta ta lulluɓe yaron da shi, zanen yana nan a jakata. Gwaggo ta sa aka yi ta addu'a a unguwa, direbanmu kuma ya sauko da mu gangaren Ngaundere a hankali kamar yana ɗauke da ƙwai. Allah Ya saka muku da Aljanna Firdausi, Ya jiƙan iyayenku, kada Ya nuna muku rana irin wannan.

Akwai na jini da ke Duwala, tsakaninsu da mu bai kai kilomita 200 ba, ko waya ba mu gani ba. Wasu kuma tambayarsu ta farko ita ce me ya kai mu. Na ji, na bar wa Allah.

Gobe bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani da sadaka a gida. Wanda ya samu hali ya zo, a sa masuncin nan cikin addu'a.