Tukunyar gas a bayan bas: yadda na ci tallafin gwamnati da abin da na tarar

Ranar 29 ga Mayun 2023 ina zaune a bencin mai shayi a bakin tasha a Suleja, muna sauraron jawabin rantsuwa a rediyo, sai muka ji Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Kafin la'asar gidajen mai sun fara ja da ƙofa. Cikin kwana biyu litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli kuma ta kai 617 a Abuja. Motoci biyu gare ni: Homa mai cin mutum goma sha takwas da ke lodi daga Zuba zuwa Kaduna, da wata tsohuwar Hayis da ke jigilar Suleja, Madalla, Zuba zuwa Dei-Dei. Akwai kuma bas ɗin ƙungiyar unguwarmu, wadda aka damƙa mini kula da ita saboda ni ne na san kan mota. Ita ke kai ɗaliban Islamiyya musabaƙa, ita ke kai mata awo asibiti, ita ke ɗaukar mutane zuwa maƙabarta.

A ƙarshen watan Yulin shekarar Shugaban ƙasa ya yi alƙawarin naira biliyan 100 don sayen bas 3,000 masu amfani da iskar gas ta CNG, kamfanonin sufuri su karɓa bashi a kan ruwan kashi 9 cikin ɗari, a biya cikin wata 60. Ban ɗaga kai ba. Na ga irin wannan a 2012, lokacin da gwamnatin Jonathan ta ƙaddamar da bas 1,600 bayan fetur ya tashi daga naira 65 zuwa 141 aka yi zanga-zanga. Irin wannan rabo na masu ofis ne da akanta da lauya, ba na mai mota biyu ba. Kuma bashi sunansa bashi, ko da ruwansa kaɗan ne.

Abin da ya shafe mu kai tsaye sai a 2024 ya zo. Shirin fadar Shugaban ƙasa na CNG ya sanar cewa za a juya motocin haya su koma shan gas kyauta, ta hannun ƙungiyoyin sufuri irin su NURTW da RTEAN da NARTO. Kayan aikin da kuɗin ɗaurawa duk gwamnati za ta biya wa cibiyar da ta yi aikin. Idan da kuɗinka za ka yi, a lokacin sai ka tanadi wajen naira miliyan ɗaya. Ba a ba ka ko kwabo a hannu, mota kake kaiwa a ɗaura mata tukunya ka dawo da ita. Gwamnati kuma ta ce abin da take so a madadin haka shi ne kuɗin mota ya sauka.

Ciyaman ɗin reshenmu ya ce a kawo takardu. Nan na fara cin karo da laifina. Hayis ɗin nan shekara shida tana hannuna, amma takardunta har lokacin da sunan wanda ya sayar mini suke, domin mun yi ciniki ne a gaban shaidu muka rubuta a fallen takarda, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa tsayar da ni a kan haka, ni ma na manta. Ranar da aka ce sunan mai mota da lambarsa ta ɗan ƙasa da katin ƙungiya da takardun mota dole su zama abu ɗaya, sai na wayi gari ina neman mutumin da ya koma Bida tun tuni. Mako uku na yi kafin na kammala canjin suna. Waɗanda takardunsu ke tsaf suka shige gabana a jerin.

Bas ɗin unguwa kuwa ba ta shiga ba sam, kuma har yau abin yana ci mini rai. Lambarta mai shuɗin rubutu ce, ta motar gida, ba mai jan rubutu ta haya ba. Ba ta lodi a kowace tasha, don haka babu reshen ƙungiyar da zai sa mata hannu. Ita ce motar da ta fi kowace ɗaukar marasa ƙarfi a cikin ukun, amma a takarda ba motar sufuri ba ce. Da ni ake shawara, da na ce a buɗe ƙofa ta musamman ga motocin masallatai da coci-coci da makarantun unguwa da ƙungiyoyin gamayya, ko da hakimi ko ƙaramar hukuma ce za ta shaide su. Mun ci gaba da yi mata karo-karon kuɗin mai bayan sallar Juma'a.

Na tsaya a kan Homa ranar da aka yi mata aiki, tun safe har bayan magariba. Suka ciro kujerar ƙarshe suka ajiye gefe, suka huda ƙasan motar suka kafa ƙarafa, sannan mutum biyu suka ɗago tukunyar da ƙyar suka ɗaure ta da ɗamara biyu ta ƙarfe. Yaron da ke aikin ya haska mini wuyanta da fitilar waya, ya nuna mini lamba da shekarar ƙira da aka buga a jikin ƙarfen, ya ce, "Alhaji, duk tukunyar da ba ka ga wannan a jikinta ba, kada ka bari a sa maka, ko kyauta ce." Ya bi duk mahaɗar bututu da ruwan kumfa yana duba ko za ta yi tsiri. A gefen sitiyari suka manna wani ɗan maɓalli mai ƙananan fitilu huɗu kore da ɗaya ja. Da safe mota da fetur take tashi, in inji ya ɗumama sai ka ji ɗan ƙas, ta koma gas da kanta. Maganar yaron ta dawo mini a watan Oktoba, da aka ji wata mota ta tarwatse a gidan gas a Benin saboda tukunyar da wani mai walda ya haɗa. Matsin iskar da ke cikin tukunyar ya kai bar 200 a ma'aunin matsin iska, ba irin na tukunyar girki ba ne. Wannan ba wurin neman araha ba ne.

Lissafi a takarda ya yi daɗi matuƙa. A Oktoban 2024 litar fetur ta wuce naira 1,000 a Abuja, gas kuwa naira 230 ne ma'auni ɗaya, kuma ma'aunin yana kai ka inda lita za ta kai ka, har da ɗan ƙari. Sai dai hanya ba ta karanta takarda. Daga Zuba zuwa Kaduna ya haura kilomita 160, tukunya ɗaya kuma ba ta kai Homa mai cike da mutane da kaya. Wajen Rijana fitilar ƙarshe take mutuwa motar ta koma fetur, kuma alhamdulillahi da kanta take komawa, don duk direban hanyar ya san nan ba wurin tsayawa a buɗe bonet ba ne. A Kaduna a lokacin wuraren shan gas kaɗan ne, in direba ya tafi nema layinsa na lodi ya wuce shi. Sau da yawa da fetur zalla yake dawowa. Ga kuma wurin kaya da tukunya ta cinye. Wanda ba ya harkar ba zai gane ba, amma buhun doya da kwandon tumatir da katifar ɗalibi su ne ribar tafiya, kuɗin kujera na mai ne da kamasho da 'yan kan hanya.

Hayis ɗin da na raina ita ta fi cin moriya. Hanyarta gajeriya ce, tana zagaye kusa da gidajen gas na gefen Abuja, kwana guda ba ta taɓa fetur sai na tayarwa da safe. Matsalarta layi. Akwai ranar da direban ya shiga layi bayan asuba bai fito ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ma'aikatan da zai ɗauka duk sun riga sun tafi. Wata rana kuma a cika maka amma matsin ya yi ƙasa, ka tafi da rabin abin da ka saba. Muka koma shan gas da dare bayan an tashi aiki, na ƙara masa kuɗin abinci. Na kuma koyi cewa gas ba ya yafe wa tsohon fulogi da matatar iska mai ƙura, kuma sai an riƙa duba bawul a kan kari. A hawa mota takan ɗan yi sanyi. Babban maganin duk wannan bututun AKK ne, mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka fara tun 2020. Muddin a tirela ake kawo gas Arewa, layi ba zai ƙare ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne rigimar da rarar kuɗin ta haifar. Tsarinmu balas ne: direba ya sha mai daga cinikin ranar, ya kawo mini abin da muka yanke, saura nasa. Da mai ya yi sauƙi, rarar a aljihunsa take sauka. Na ce a ƙara balas, ya ce, "Haba Alhaji, ai ni nake kwana a layi." Gaskiya ya faɗa. Ni ma ina da tawa gaskiyar, domin ni ke sayen taya da gyaran inji. Muka yi kwana biyu muna ja, babu wanda ya ambaci fasinja a cikinmu, alhali da sunansa aka ba da kayan.

Wata dattijuwa mai kai daddawa kasuwar Madalla ce ta tuna mini. Tana sauka ta ga tukunyar a baya, ta kwance bakin zaninta tana ƙirga canji, ta ce, "Ɗan nan, an ce motocinku sun daina shan mai, to mu yaushe za mu gani?" Ban samu amsar ba ta ba.

Rage kuɗin mota ba abu ne da mutum ɗaya zai yi a tasha ba. Farashi na ƙungiya ne, lodi kuma bi da bi ne. Mota mai gas da mai fetur layi ɗaya suke bi, in na sauke nawa fasinja zai ƙi shiga motar da ke kan layi ya jira tawa, na kashe wa ɗan'uwana kasuwa ba da laifinsa ba. A ganina wannan shi ne babban gibin tallafin. Da an juya motocin hanya ɗaya gaba ɗaya a lokaci guda, da ƙungiya ta sauke farashin hanyar a zama ɗaya kuma kowa ya gani. Da aka warwatsa shi mota biyar nan, goma can, sai ya zama sa'ar masu mota.

Mun kai maganar gaban ciyaman. Aka amince cewa a tasha farashi ɗaya ne, amma wanda aka ɗauka a hanya tsakanin direba ne da fasinjansa. Na sayi littafi mai bangon kwali, kullum direban Hayis ya rubuta gas na nawa ya sha, sawu nawa ya yi. Bayan wata guda muka zauna muka raba rarar uku: kaso ɗaya nasa, ɗaya na ajiye don gyara da gwajin tukunya idan lokacinsa ya yi, ɗaya kuma ya tafi a ragin da muke yi wa 'yan makaranta masu kayan makaranta a jiki da matan kasuwa na sawun farko. A Satumban 2025 farashin gas ya tashi zuwa naira 380, muka sake buɗe littafin, kowane kaso ya ragu amma ba mu soke ko ɗaya ba. Homa kuwa na cire ta daga hanyar Kaduna na mayar da ita Zuba zuwa Gwagwalada. Daga kasona na gyara nake ɗan cire wani abu duk wata, ina tarawa don tukunyar bas ɗin unguwa.