Ƙwallo tukuna, ƙasa daga baya: inda na kai cikin wata huɗu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon golf, musamman ku da munka fara tare a filin nan na hanyar Wamakko. Kwana biyu kun ji ni shiru, ba wai na aje sanduna ba ne, so nike abin da na gano ya zauna a hannuna tukuna kafin in kawo muku shi. Wata huɗu ke nan ina rubuta duk fitar da na yi a ɗan littafin da ke cikin jakata, daren jiya na zauna na bi shi shafi shafi, sai na ga ashe matsala guda ce ke bi na tun Disamba, ni ko ina ta sake mata suna, yau in ce riƙo ne gobe in ce sandar ce ba ta da kyau jibi in ce iska.

Disamba, tsakiyar hunturu. Lokacin hankalina duk yana kan direba, wato doguwar sandar nan ta bugu mai nisa. Kowa ya san daɗin da ke cikin jin ƙarar nan in ta haɗu, tau ni ma haka, in na zo da ƙwallo 40 sai in ƙare 30 da direba, sauran goman in buga su da ayon 7, wato sandar ƙarfe mai lamba 7, cikin gaggawa. Abin da na rubuta a ranakun nan kusan iri ɗaya ne: ayon ko dai ya caki ƙasa tun kafin ya isa ga ƙwallo, ƙura ta tashi hannu ya yi zafi ƙwallo ta tafi yadi 30, ko kuma ya shafi kanta ta bi ƙasa da gudu ta shige cikin ƙarangiya. Na ɗauka matsaloli biyu ne daban. Ashe uwarsu ɗaya.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijo ne da ya yi shekaru yana ɗaukar wa 'yan wasa jaka a Kaduna kafin ya dawo gida, wasunku sun san shi, Baba muke ce mishi. Ya tsaya bayana ya kalli bugu biyar bai ce komi ba, sannan ya ce, "Yaro, mi kaka nema ƙarƙashin ƙwallon ga? Kai ka son ɗaga ta, alhali ba aikinka ne ba, aikin sanda ne." Ya karɓi ayon ɗin ya nuna min fuskarta, ya ce in dubi yadda anka kwantar da ita. Ayon 7 fuskarta na kwance da digiri talatin da 'yan kai, sandunan gajeren bugu da ake ce ma wej kuma, wej ɗin ficin wajen 45, ta rairayi wajen 56, direba ko tsakanin 9 da 12. Wanga kwanciya shi ke tada ƙwallo sama. Kai naka shi ne ka sauko da sanda ta sami ƙwallo tana kan gangarowa, ta matse ta, sannan ta shafi ƙasa a gaban inda ƙwallon take. Ni kuwa abin da nike yi, ina jingina nauyina ga ƙafar dama ina karya wuyan hannu kamar mai kwasar tuwo da mara, tau sai sandar ta kai ƙarshen saukarta a bayan ƙwallo. In ta taɓa ƙasa can baya shi ne cakin, in ta kuskure ƙasa ta fara hawa shi ne shafar kai. Wallahi ranar na koma gida ina ta juya maganar, don sati shida na yi ina wahala da abin da mutum ya gani cikin minti biyu.

Janairu kusan gaba ɗaya ban yi komi ba sai atisayen layi, kuma shi nike roƙon kowa ya gwada. Ka sami wuri mai ɗan rairayi, ka ja layi miƙaƙƙe da tsinke, ka tsaya layin na tsakiyar ƙafafunka, ba ƙwallo ba komi, ka yi ta kaɗa sanda kana matsawa gaba kaɗan kaɗan a kan layin. Bayan bugu goma ka tsaya ka duba tabon da sanda ta bari. In daidai kake, tabon zai fara daga kan layi ya yi gaba wajen da kake nufa, kamar faɗin tafin hannu ko fiye. Ranar farko cikin goma biyu kacal sunka faɗa gaba, takwas duk baya, wasu ma da kusan taƙi guda. Ƙarshen sati na biyu na kai shida, ƙarshen wata ina samun takwas, kuma sai a lokacin na yarda na ɗora ƙwallo kan layin. Abin da ya canza shi ne tun kafin in fara saukowa da sanda nike mai da nauyi bisa ƙafar hagu, ƙugu ya juya ya buɗe, hannuwa su riga kan sanda isowa wajen ƙwallo, in gama ina tsaye kan hagu, kan bel ɗina na kallon inda na nufa, diddigen dama a sama. Masu bugu da hagu sai ku juya maganar.

A nan ne na gane wata ni'ima da muke da ita da ban taɓa kallonta a matsayin ni'ima ba. Ƙasarmu ta rani tauri gare ta, ba ta yafiya. Wanda ke koyo kan ciyawa mai laushi ko kan tabarmar roba, in ya bugi baya kaɗan sandar na iya zamewa ta kai ga ƙwallo, ya ga ta tashi ya ɗauka ya iya, ya shekara a haka. Mu nan take ƙasa ke gaya muna gaskiya ta cikin hannu. Don haka na daina ƙorafin rashin ciyawa. Abu ɗaya dai, ku lura da wuyan hannu da gwiwar hannu, kada ku yi ta dukan tsandauri sau ɗari a rana, ku nemi gefen da ke da rairayi, kuma ku tsince duwatsu kafin ku fara don suna cin gindin sanda.

Riƙo ma na gyara amma ba zan daɗe a kai ba. Da sandar na cikin tafin hannuna na hagu, yanzu na mai da ita ga yatsu, in na duba ƙasa ina ganin gaɓoɓi biyu zuwa uku na bayan hannun. Ƙaramin yatsan dama na sarƙe shi da manunin hagu, irin riƙon da Tiger Woods da Jack Nicklaus ke yi, don yatsuna gajeru ne. Tun da na yi haka lanƙwasar nan da ƙwallo ke yi zuwa dama, wadda ake ce ma silais, ta ragu sosai, don fuskar sanda ta daina isowa a buɗe. Ba ta tafi duka ba, da direba har yanzu tana dawowa in na matsa.

Game da iskar hunturu, wadda ke zuwa muna daga arewa maso gabas, kuskuren da munka yi ta yi mu duka shi ne ƙara ƙarfi in muna fuskantarta. Ƙarfi na ƙara ma ƙwallo juyawa, sai ta hau sama iska ta tare ta ta faɗo kusa. Abin da ke aiki shi ne ka ɗauki sanda mai nisa da lamba ɗaya ko biyu, in da 7 za ka buga ka ɗauki 6 ko 5, ka ɗan mai da ƙwallo baya, ka kaɗa a hankali kamar kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka.

Fabrairu aiki ya kai ni Kaduna, na sami wani abokin aiki ya shiga da ni na buga rami 18 cikakku, karo na biyu a rayuwata. Karon farko bara na tashi da bugu 121. Wanga karo 106. Na san har yanzu da nisa, tunda yawancin filaye far ɗinsu, wato yawan bugun da ake sa ran gwani ya gama da shi, 72 ne ko kusa da haka, amma na yi murna ƙwarai har na kira Baba tun ina cikin mota. Abin da ya fi lambar amfani shi ne na rubuta kowane bugu da inda na yi shi. Da na lissafa, direba sau 14 kawai na taɓa ta duk yinin. Fota, sandar gangara ƙwallo cikin rami, sau 41. Bugun da ke cikin yadi 50 zuwa rami, ban da fota, sau 24. Ku duba fa, sandar da na ba kashi uku cikin huɗu na lokacina a Disamba ita ce mafi ƙaranci cikin ukun nan, fiye da rabin wasana kuma ya ƙare a kusa da rami inda ban taɓa yi ma atisaye na kirki ba. Raina ya sosu, don lokaci ne da ba shi dawowa, kuma na san da yawa cikinmu haka suke yi har yau.

Ga mai shirin zuwa fili na gaske, ga 'yan dokoki da na ga sun rikita wasu. Sanda 14 ce iyaka a jaka, amma ba dole ka cika ba, ni bakwai gare ni 'yan gwanjo kuma sun ishe ni. Tun gyaran dokoki na 2019, in doka ta ba ka damar ɗaukar ƙwallo ka sake ta ƙasa, daga tsayin gwiwa ake saki ba kafaɗa ba, neman wadda ta ɓace minti 3 ne ba 5 ba, kuma kana iya barin tuta cikin rami kana fota. Handikaf kuma, wato rangwamen bugu da ake ba mutum gwargwadon iyawarshi, a tsarin duniya da anka fara a 2020 yana kaiwa har 54, ma'ana an yi wa irinmu wuri, kada kunya ta hana kowa shiga. Wasan ma ba baƙo ne a arewa ba, filin Rayfield na Jos tun 1913 yake.

Tun dawowata na juya tsarin atisaye. Ƙwallo 40 ɗin nan, yanzu 20 na gajeren bugu ne, 15 na ayon, direba biyar a ƙarshe. Kuma a gajeren bugun ma maganar Baba ce ta sake fitowa. Da wej ɗin rairayi nike ɗauka ga komi don ina son in ga ƙwallo ta yi sama ta sauka kamar yadda muke gani a talabijin, amma gindinta na da wani tudu da anka yi don kada ta nutse cikin rairayi, tau a kan ƙasa mai tauri tudun nan sai ya yi tsalle bakin sanda ya sari ƙwallo a ciki ta wuce rami da yadi 20. Yanzu ayon 8 ko wej ɗin ficin nike ɗauka, ƙafafu kusa da juna, nauyi mafi yawa kan hagu tun daga farko kuma ya zauna can, ƙwallo ɗan baya, wuyan hannu shiru, kafaɗu ke aikin. Ta ɗan tashi ta sauka da wuri ta gangara. Nikan shimfiɗa buhu a inda nike son ta fara sauka, idona kan buhun ba kan ramin ba. Satin da ya wuce cikin 20 na sa 11 cikin da'irar taku biyu, da ko biyar ban samu.

Fota a gida nike yi bayan isha'i, kan kafet na falo, da gwangwanin madara a kwance. Faɗin rami milimita 108 ne, bakin gwangwani bai kai haka ba, don haka in ka saba da shi ramin gaske sai ya yi maka faɗi. Taku ɗaya, sai na sa goma a jere kafin in ja baya zuwa taku biyu, in na kuskure in koma farko. Abin da har yanzu ya gagare ni shi ne auna nisa in ta kai taku goma, kafet ba ya koya wannan, kuma in wani cikinku ya sami hanyar da ke yi mishi aiki don Allah ya kawo muna.

Yanzu ga Maris ya shigo, kun dai san zafin Sakkwato, nan da 'yan kwanaki za a riƙa wuce digiri 40, ƙarfe goma na safe ma ƙarfen sanda ba ya taɓuwa. Na mai da fitata bayan sallar asuba, da gari ya waye in fara, kafin takwas na tattara. Gumi na sa sanda zamewa, in ta fara zamewa kuma mutum sai ya ƙanƙame ta, daga nan hannu ya sandare komi ya lalace, shi ya sa nike zuwa da tawul da safar hannu biyu ina musanyawa. Ɗayar da ta yage a tafi wani baduku a kasuwa ya yi mata faci da fatar akuya mai laushi, ta dawo kamar sabuwa, kada ku yar da taku.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ina filin tun shida da rabi, ƙarƙashin dogon yaron nan na gefen gabas. Baba ya ce zai zo. Kowa ya taho da ayon 7 da ruwan sha mai yawa, wanda ke da waya mai kyamara mai kyau ya zo da ita mu ɗauki juna daga gaba, don a nan ake ganin ko nauyi ya koma hagu ko bai koma ba. Zan riga ku isa in ja layukan.